An Yi Wa Tirela Masauki, An Bar Ruwa Yana Neman Hanya



Washegarin ruwan da ya ci unguwannin Fataskum a watan Agustan 2025, sahu biyu kacal muka yi sallar asuba da shi, a masallacin da kullum sai an fita waje. Sauran jama'a suna gida da bokiti da kwano suna kwalfe ɗaki. Tabarmin masallaci sun kwana uku a kan katanga kafin su bushe. A shagonmu kuwa, buhunan gero na layin ƙasa duk sun sha, har wasu suka fara tsiro a cikin buhu. Ba mu kawo namu don a tausaya mana ba, domin akwai wanda ɗakinsa ya zube gaba ɗaya, ya kwashi iyali ya kai gidan surukai. Namu asarar kuɗi ce, tasa ta haɗa da sutura.

Duk wanda ka je yi wa jaje a kwanakin nan, magana ɗaya ce: ƙaddara ce, Malam. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, mu ne ma muke karantar da yara haka a Islamiyya. Amma a yi gaskiya. Allah ne Yake saukar da ruwa, sai dai hanyar da ruwan zai bi bayan ya sauka, hannun ɗan Adam ne yake buɗe ta ko ya toshe ta. Shi ya sa muka ga ya kamata a wannan fitowar mu yi magana a kan tsarin garin nan: wa yake yanke inda titi zai bi, inda kasuwa za ta zauna, inda lambatu zai zubar, kuma me ya sa mu ba ma jin labari sai mun wayi gari mun ga jan fenti a bango.

Mu fara da sanin wane irin gari muke ciki. Fataskum mahaɗa ce. Hanyar Kano ta Azare, hanyar Bauchi da Jos ta Darazo, hanyar Gombe ta Fika, hanyar Damaturu da Maiduguri, da hanyar Gashuwa, duk a nan suke gamuwa. Tun da fadar Mai Fika ta dawo nan a 1924 garin yake jan mutane, kakanninmu ma da haka suka zo, daga Kano da Katsina da Haɗeja da sauran wurare, da jakuna da ƙunshin haja, suka sami Bolawa da Ngizimawa da Karekare suka karɓe su hannu biyu. Da aka yanke Yobe daga Borno a 1991, Damaturu ta ɗauki hedikwata, amma ciniki bai tashi daga nan ba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da dubu ɗari biyu, kuma kowa ya san abin da ya ƙaru bayan nan, musamman shekarun rikici da mutanen ƙauyuka da na gabas suka yi ta shigowa neman mafaka. Karar shanunmu ta ranar Laraba tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Manyan motoci kuwa, ai ko a Legas ka ce daga Fataskum kake, tambayar farko ita ce ko kana da tirela.

To garin da ya kumbura haka, da wace igiya aka auna shi? Galibin sababbin unguwanni awon igiya ne. Mai gona ya ga gari ya iso shi, ya kira dillali, a ja igiya, a kafa turaku, a yanka fulotai. Kowane taku da aka bari don hanya, a wurin mai gona kuɗi ne ya zube, saboda haka lungu yakan fito kamar zaren allura. Filin makaranta babu, na maƙabarta babu, na lambatu balle. Kududdufan da iyayenmu suka haƙa suka yi ginin ƙasa, waɗanda su ne randar gari idan an yi ruwa, ɗaya bayan ɗaya aka cike su da shara aka sayar. Na bayan unguwarmu, inda muka yi wanka muna yara har aka zane mu, yau gidaje ne da shaguna. Ruwan bai san an sayar ba. Duk shekara yana zuwa wurinsa na da, in ya tarar da gini sai ya shiga na maƙwabta.

Kada a ce mun rufe ido ga alheri. Gwamnatin Mai Mala Buni da ta hau a 2019 ta ɗauki aikin kasuwannin zamani a Damaturu da Fataskum da Gashuwa da Nguru, ta kuma ɗauki aikin tashar manyan motoci a nan garin. Tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri da aka bayar tun 2006, zamanin Obasanjo, ta ci shekaru masu yawa, amma wanda ya san wahalar zuwa Azare ko Damaturu a da ya san an sami sauƙi. Duk waɗannan mun gani, mun gode. Sukarmu a kan jerin abin ce, wato me aka sa gaba me aka bari baya. Ana fara gini ne da abin da za a yanka wa ƙyalle a ɗauki hoto. Babbar magudanar da za ta kwashi ruwan unguwanni ta fitar da shi bayan gari ba ta da ƙofar da za a tsaya a gabanta a yi jawabi, shi ya sa kullum ita ce ta shekara mai zuwa.

Ku duba yadda ake yin titunan cikin gari. A zuba jar ƙasa, a daddaɓe, a shimfiɗa kwalta, titi ya tashi ya fi dokin ƙofar gidajen da ke gefensa. A yi masa lambatu hagu da dama, mai kyau, na siminti. Ka bi lambatun nan da ƙafa, kamar yadda muka yi wata rana bayan la'asar, sai ka tarar inda kwangila ta ƙare nan shi ma ya ƙare, bakinsa a buɗe yana kallon wani lungu. Ruwan da a da yake bazuwa ya nutse a hankali, yanzu an tattara shi wuri ɗaya, an ba shi gudu, an nuna masa gidan talaka. Injiniyan da ya zana titin ya yi aikinsa, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa. Wanda ba mu gani ba shi ne mutumin da zai tsaya da taswirar garin gaba ɗaya ya ce ruwan wannan unguwa ta nan zai bi, ya haɗu da na waccan, su fita ta can. Mutanen Kano sun ɗanɗana irin wannan a Kantin Kwari a Agustan 2022, inda ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, aka kuma yi ta nuna yatsa ga gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa. In kasuwa irin Kwari ba ta tsira ba, rumfar langa-langa a Fataskum fa?

Sai maganar tirela, wadda a nan za mu ɗan daɗe, don rabin unguwar nan da ita yake ci. Tunanin a yi mata tasha daidai ne, ba mai gardama. Wanda ya taɓa ƙoƙarin tsallaka da yaro titi tsakanin motoci biyu da aka jera, ko ya ga Keke Napep ta kutsa ta bayan tirela ta yi karo da mai zuwa, ba zai ce a bar su a bakin hanya ba. Amma a tambayi direba mana: me ya sa yake tsayawa inda yake tsayawa? Yana tsayawa ne don nan bakanikensa yake, nan mai faci, nan mai walda, nan mai kayan gyara da zai ba shi bashi har ya dawo daga Fatakwal. Nan ɗan kamasho zai same shi da labarin lodi. Nan mai shayi da mai tuwo, nan masallaci, kuma daga nan taku kaɗan ne zuwa gidansa, mutumin da ya yi sati uku bai ga 'ya'yansa ba. Wannan duk gari guda ne da ya tsiro a jikin mota. In ka ɗauke motar kaɗai ka kai ta bayan gari cikin katanga, ka bar sauran a nan, ka sa masa kuɗin shiga, to wallahi zai shiga ranar da jami'i yake tsaye, ya fito ranar da ya tafi.

Direbobinmu sun fi mu sanin wannan, don sun ga Apapa. Legas gari ne na bakin teku, tashar jiragen ruwanta ita ce bakin da ƙasar nan take ci da shi, amma an bar tashar ta girma, an bar rumbunan mai sun cika unguwar, ba a tanadi isasshen wurin jiran mota ba, jirgin ƙasan da zai rage kaya kuma ya daɗe a kwance. Sakamakon shi ne yaranmu suka riƙa kwana a kan gada sati biyu, sati uku, suna wanka da ruwan leda, suna biyan kuɗi a kowane shinge. Gwamnatoci sun yi ta ba da wa'adin kwana kaza a kwashe motoci, ana kwashewa suna dawowa. Sai a Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta kawo tsarin da ake kira Eto, wanda mota za ta jira a garejin da aka amince da shi, ba ta tasowa sai an kira ta ta waya. Tsarin yana da nasa ciwon, direbobi suna kuka da tsada da 'yan cuwa-cuwa, amma ya nuna abu ɗaya: direba ya shiga gareji ne lokacin da layin lodi ya koma cikin garejin. A nan ma haka za a yi. A zauna da ƙungiyar masu motoci da ta direbobi, a mayar da rajistar lodi cikin tashar, a ba bakanike da mai faci da mai abinci wuri a farashin da za su iya, a kai ruwa da wuta da tsaro. In an yi haka ba sai an bi kowa da sanda ba.

Kasuwa ma kusan haka take. Mu 'yan kasuwa ba ma auna kasuwa da fenti. Muna tambaya ne: tsohuwa mai daddawa da kuka da take kasa kayanta a faifai, ina nata wurin? Mai tebur da jarinsa bai kai kuɗin hayar shago na shekara ba fa? Wanda ya shekara talatin yana biyan haraji a tsohon layi, sunansa ne a gaba wajen rabo, ko na wanda bai taɓa riƙe mudu ba amma yana da ɗan'uwa a ofis, ya karɓa ya ba mu haya ninki biyu? Kuma ƙofa nawa ce, faɗinta nawa, motar kashe gobara za ta iya juyawa a ciki? Wanda ya rasa ɗan'uwa a daren Laraba 2 ga Mayun 2012, lokacin da aka kai hari karar shanu aka kashe mutane da dama, ba ya bukatar a yi masa bayanin muhimmancin hanyar fita a wuri mai katanga. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Waɗannan tambayoyi ba sa bukatar digiri. Suna bukatar a tambaye mu kafin a zuba harsashi, kuma doka ma haka ta nufa. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari jama'a su gani, mai ƙorafi ya kawo. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da gwamnatin Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jiha ne. Ma'ana, maganar lambatun unguwarmu ba ta Abuja ba ce, tana Damaturu da sakatariyar ƙaramar hukuma, wurin mutanen da muke haɗuwa da su a ɗaurin aure. Mu dai shekararmu hamsin da ɗoriya a garin nan, ba a taɓa kiranmu aka shimfiɗa taswira a gabanmu aka ce ga abin da ake nufi da unguwarku nan da shekara ashirin ba. Ana kiranmu dai idan zaɓe ya matso, da kuma idan ana son liman ya yi sanarwar rigakafi.

Yanzu ga wadda ta fi hana mu barci. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna. Shi yake ba da takardar shaidar mallaka, yana kuma da ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta sani kuwa ta abin da ka gina ce ko ka shuka, ba ta ƙasar kanta ba. To mu duba akwatunanmu. Gida nawa ne a unguwar nan yake da wannan takarda? Yawancinmu abin da muke riƙe da shi takardar ciniki ce da aka rubuta da biro, wata ma da ajami, da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu da suka riga mu gidan gaskiya. A wurin Allah wannan ciniki ne ingantacce, a tsakaninmu ma haka. Ranar da katafila ta tsaya a bakin layi, mai hular kwano ba zai karanta ajami ba.

In kuna ganin tsoro ne kawai irin na tsufa, ku tambayi 'yan'uwanmu na Legas. A Yulin 1990 gwamnan soja Raji Rasaki ya ba mutanen Maroko kwana bakwai, aka rushe unguwar da aka ƙiyasta tana ɗauke da mutum kusan dubu ɗari uku. Hujjar da aka bayar ita ce wurin kwari ne, ruwa yana cinsa, zama a cikinsa haɗari ne. Yau wurin yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan, an cike shi an yi benaye. Wannan ta nesa ce. Ta kusa ita ce Alaba Rago, kasuwar tumaki da kayan abinci da Hausawa suka raya shekara da shekaru a hanyar Badagiri, inda ragunan da ake lodawa daga nan suke sauka. A Mayun 2022 aka ba su wa'adin kwana 14, aka yi ta kai gwauro ana kai mari, daga baya katafila ta shiga. Abin lura shi ne, da farko hukuma takan ƙyale wuri ba lambatu ba hanya har ya lalace, sannan lalacewar ta zama hujjar tashin mutane. Ambaliyar da muke kuka da ita yau, in ba a gyara ba, ita ce takardar da za a karanta mana gobe.

Ba muna cewa Fataskum Legas ce ba. Nan gida ne, an haife mu a nan, mun yi auratayya da kowace ƙabila, har mazaɓa guda ake kira Hausawa Asibiti. Gari ne mai fada biyu, ta Mai Fika da ta Mai Fataskum, kuma dukkansu iyayenmu ne, ba mu da ta cewa a tsakaninsu sai addu'a. Amma mun san idan fili ya yi tsada, akan tuna wa mutum inda kakansa ya fito. Wanda ake iya ce wa baƙo ya fi kowa bukatar takarda.

To kada mu yi ta nuna hukuma da yatsa ɗaya mu manta ukun da ke kallonmu. Wa ya ɗora dakali a kan lambatu? Wa ya ƙara shago taku biyu cikin titi, maƙwabcinsa ya ga haka ya ƙara uku? Wa yake aiken almajiri da kwandon shara idan hadari ya haɗu, wai ruwa ya tafi da ita? Ledar ruwan da muke sha mu yar, ita ce take toshe kwalbati. Kuma bari mu fara da kanmu, don kada a ce liman ya ga na wani bai ga nasa ba: rumfar da muka ƙara a gaban masallacinmu saboda zafin azahar, a kan hanyar ruwa take. Mun rufe lambatun da siminti, muka ce ai aikin Allah ne. Ranar ruwan nan a daidai wurin ya tokare ya juya gidan wata gwauruwa mai marayu huɗu. Da muka je yi mata jaje ba ta ce komai ba, ta dai dubi rumfar ta dube mu. Mun yi shawara da kwamiti, za a fasa simintin a sa murfin ƙarfe da ake ɗagawa, kuma kuɗin gyaran ɗakinta a kanmu yake.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi ba. Hanya haƙƙin kowa ce, ba a gina masallaci ma da abin da aka ƙwata daga cikinta. Ba ya halatta ka kafa indararo ya zuba a gidan maƙwabci, ko ka canza wa ruwa hanyar da ya saba bi ta yadda zai cuci wani. Ya zo a hadisi ingantacce cewa idan an yi saɓani a kan faɗin hanya a bar zira'i bakwai, wato wajen mita uku da rabi, a zamanin da babbar abin hawa ita ce raƙumi da kayansa. Mu da muke da tifa da tankar ruwa da motar ɗaukar mara lafiya, akwai lungunan da ko makara sai an karkata ta kafin ta fita. Wanda ya ɗauki gawa a layin bayan masallaci ya san abin da muke faɗa.

Abin da muke nema daga hukuma ba shi da yawa. A fito da taswirar garin, wadda ta nuna hanyoyin ruwa da inda aka hana gini, a manna ta a sakatariya da ƙofar masu unguwanni, a yi bayaninta da Hausa a rediyo. Kududdufan da suka rage a kafa musu turakun gwamnati tun kafin dillali ya riga. Kada a ƙara ba da kwangilar titi sai an nuna inda lambatunsa zai zubar. Hukumar YOGIS da ke kula da takardun filaye a jihar ta riƙa sauko da ma'aikatanta unguwa-unguwa, a karɓi takardun cinikinmu na da a matsayin mafari, a sassauta kuɗin, don mai sayar da goro ba zai iya jelen Damaturu sau biyar a kan fuloti ɗaya ba. In kuma dole sai an rusa wani gini don a buɗe wa ruwa hanya, mun yarda, amma a fara da na mai ƙarfi da ya toshe babbar magudana kafin a zo kan dakalin talaka, a ba da wa'adi na mutunci, a biya kafin a taɓa.

Namu ɓangaren kuma ba sai mun jira kowa ba. Ranar Asabar ta farkon wata mai kamawa, bayan sallar la'asar, za a zauna a harabar Islamiyya tare da mai unguwa. Kowane magidanci ya zo da duk takardar da yake da ita ta gidansa ko shagonsa, ko ta yage, ko da ajami ce. Yaranmu biyu da suka karanta safiyo sun yi alkawarin zuwa su duba, su rubuta wanda yake da ita da wanda ba shi da ita, su kuma bi layi-layi su zana inda ruwa ya tsaya a daminar nan tun alamar tana jikin bango. Iyaye mata da gidajen marayu suke hannunsu su aiko da wakili, ko su ba matar liman takardun a ranar Alhamis. Masu shebur da baro su zo da su, don za a fara da fasa simintin gaban masallaci.